Ranar Da Muka Kai Yara Gidan Gona

  Wannan mako ba girki na kawo muku ba, ba kuma ɗinki ba. Labarin wata 'yar tafiya ce da muka yi da yara ran Asabar ta ƙarshen watan Janairu, na ga ya kamata in ba ku shi duka, da daɗinsa da ɗacinsa, ko Allah ya sa wata ta ƙaru.

Abin da ya jawo tafiyar kuwa shi ne, wata rana ina koya wa 'yan aji uku darasin abinci, sai na tambaye su daga ina shinkafa take fitowa. Hannuwa suka tashi sama. Na farko ya ce, "Daga buhu, Malama." Ta biyu ta ce a'a, daga kasuwar Singa ne. Cikin yara fiye da hamsin, waɗanda suka ambaci gona ba su kai goma ba. Da dare muna cin tuwo na kwashe labari na ba maigida, ina dariya. Shi kuwa sai ya juya wajen ɗanmu mai shekara biyar, ya ce, "Kai fa, daga ina madara take fitowa?" Yaro ko tsayawa tunani bai yi ba, ya ce, "Daga gwangwani, Baba." Nan dariyata ta tsaya. Ashe mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Mu da muka taso, kowane dogon hutu akan tura mu ƙauye wurin kakanni, mu yi roron gyaɗa, mu kai abinci gona, mu kori tsuntsaye daga gero. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce yau za a koya muku noma, ido ne ya gani, hannu ya taɓa. Amma 'ya'yanmu na birni, daga gida sai makarantar boko, daga nan sai Islamiyya, in an dawo kuma sai talabijin ko wayar uwa. Yaron da bai san wahalar da aka sha kafin tuwo ya zo gabansa ba, ta yaya zai ji tausayin zubar da shi? Ta yaya kuma zai ga girman wanda ya noma shi?

YADDA NA SHAWO KAN MAIGIDA

Maigida yana da baffa, ƙanen mahaifinsa, wanda da ya bar aikin gwamnati ya koma ya gina gida a tsakiyar gonarsa, gaba da Kura kaɗan a kan hanyar Zariya. Kowace shekara maigida yakan je shi kaɗai ya gaishe shi, ya komo mana da kwandon tumatir da albasa. Shekara takwas da aurenmu, ni dai ban taɓa ganin wurin ba, sai dai in Baffa ya shigo birni mu gaisa.

Da na roƙi a tafi da mu, amsar farko ita ce, "Mata da ƙananan yara me za su yi a gona? Wannan ai yawon shan iska ne irin na Turawa." Ban yi masa gardama ba, domin na san gardama ba ta buɗe ƙofa. Na bari sai da aka kwana biyu, ranar da na ga ransa fari, sa'an nan na ce, "Malam, kai da ka fi ni sanin tarihi, shin Turawa ne suka koya wa sarakunan Kano yin gida a bayan gari?" Ya yi murmushi, don ya san inda na dosa. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya yi gida a Fanisau tun Bature bai ci ƙasar nan ba. Akwai gidan sarki a Ɗorayi, akwai a Nasarawa, kowa kuma ya san hawan Ɗorayi da hawan Fanisau a cikin al'adun bikin salla. Sunan unguwa irin su Gandun Albasa ma ya isa ya tuna mana cewa inda gidaje suka cika yau, dā gonakin manya ne. Watau fita bayan gari a duba gandu a sha iska, abu ne namu na gado.

Bai ce kome ba a ranar. Bayan mako guda sai ya shigo ya ce ya yi magana da Baffa, an ce mu zo ran Asabar, Hajiya ma tana murna. To, kun ji, 'yan'uwa. Abin da haƙuri bai ba ka ba, rashinsa ba zai ba ka ba.

SHIRI TUN DAREN JUMA'A

Mu shida muka tafi: maigida, da ni, da 'yar farina mai shekara bakwai, da mai bi mata ɗan shekara biyar, da Auta mai shekara biyu da rabi, sai ƙanwar maigida da ke zaune wurinmu, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare.

Duk wadda ta taɓa fita da ƙananan yara ta san tafiyar safe da dare ake yin ta. Tun daren Juma'a na dafa ƙwai, na soya nama, na haɗa zoɓo, na cika jarka da tafasasshen ruwan sha. Da asuba na yi dafa-duka na zuba a kula. Na sa tabarma biyu, da buta, da sabulu, da tawul, da man kaɗe saboda kaushin hunturu, da rigunan sanyu, da kayan sakewa ɗaiɗai na kowane yaro. Na hana su silifas, kowa ya sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da kunama. A cikin jakata kuma akwai auduga da bandeji da ƙunshi biyu na garin gishiri da sukari na asibiti, ko da zawo zai kama wani. Wadda ba ta samu na asibiti ba tana iya haɗa nata: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kada a tula cokalin.

Ban manta da tsaraba ba. Turmin atamfa na Hajiya, goro da turare na Baffa, sabulu da alewa na iyalan ma'aikata. Zuwa gidan mutane da yara huɗu hannu rabbana ba mutunci ba ne, ko da kuwa gidan dangi ne.

ABIN DA MUKA GANI A HANYA

Ƙarfe bakwai da rabi muka bar gida, hazo bai gama washewa ba. Muka bi ta Na'ibawa, muka haye gadar Tamburawa. Har zuwa nan ƙasa a bushe take, sai karan dawa da ƙura. Amma muna dosar Kura sai duniya ta sake. Hagu da dama kore shar, iyakar ganin ido, kamar tsakiyar damina. 'Yar farina ta ce, "Umma, su nan ana yi musu ruwan sama ne?"

Maigida ya yi musu bayani, ni ma na ƙaru. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina a kan kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Da damina madatsar takan tara ruwa, da rani a riƙa sakinsa. Yakan bi ta Ruwan Kanya ya shiga babbar magudana ta siminti wadda manoma ke kira kanal, daga nan ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har bakin gonaki a ƙasashen Bunkure da Kura da Garun Malam. Ba inji ke tura shi ba, gangare kawai yake bi, don Tiga ta fi gonakin tudu. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita aka danƙa wa kula da aikin. Kafin wannan, in an gama girbi da yawa daga mazan yankin sai su tafi cin rani, wanda ya tsaya kuwa sai ɗan lambu a bakin rafi, yana ɗebo ruwa da jigo guga-guga.

Tafiyar duka ba ta kai awa ɗaya ba. Na yi ta mamaki a raina, a ce abu yana kusa haka, amma shekara takwas ban gan shi ba.

A GIDAN BAFFA

Gidan yana tsakiyar itatuwan mangwaro da gwaba da lemo, an kewaye shi da darbejiya. Mangwaro duk ya yi fure, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Baffa ya tarye mu a ƙofa da sandarsa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya ce, "Malama, yau dai Allah ya yi. Na ce ko sai na mutu za a kawo ki ta'aziyya." Ya dubi 'yar farina ya ce, "A'a, ga amaryata ta zo, sai Hajiya ta tattara kayanta." Hajiya kuwa ta sungumi Auta ta ce ai ita ma ga angonta, kowa ya riƙe nasa. Kafin a jima yara sun saki jiki.

Wurin shanu aka fara kai mu, don kada lokacin tatsa ya wuce. Matar makiyayin Baffa, wata Bafillatana mai fara'a, ta saki maraƙi ya fara tsotsa, da nono ya kawo sai ta janye shi ta ɗaure kusa da uwar, ta tsuguna da ƙwarya a tsakanin gwiwoyinta. Da ɗana ya ga farin nono yana tsartuwa cikin ƙwarya, sai ya riƙe zanena ya buɗe baki, ya kasa magana. Can ya ce, "Umma, to wa yake sa shi a gwangwani?" Kowa ya yi dariya, amma ni daɗi na ji, don tambayar da nake nema ke nan. Ya so ya sha nan take, na hana. Ɗanyen nono yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta daga jikin saniya, har da na tarin fuka, saboda haka tilas a tafasa shi tukuna. Hajiya ta tafasa, ta huce musu, suka sha da gurasa.

A nan ne kuma na ji kunya ta farko. 'Yar farina ta toshe hanci a gaban matar nan, ta ce, "Kai, su 'yan ƙauye ba sa jin wari ne?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Matar ta yi kamar ba ta ji ba. Ban tsawata wa yarinyar a gaban mutane ba, na ja ta gefe na tambaye ta, nonon da ta sha yanzu, hannun wa ya tatso shi? Kashin shanun da take ƙyama kuma, ina ake kai shi? Na nuna mata tarin taki da amalanken da ke kwasarsa zuwa gona. Na ce ta koma ta ba da haƙuri, ta je ta durƙusa ta bayar. Amma na san laifin ba nata ba ne ita kaɗai. A bakin wa ta ji ana kiran mutum baƙauye in ya yi abin dariya? A bakinmu ne, mu manya. Mu gyara harshenmu, 'yan'uwa, yaro ba ya ƙago raini, gado yake yi.

Daga nan sai akurkin kaji da ɗakin tattabaru. Hajiya ta ɗaga wata kaza mai kwanci ta nuna musu ƙwai a ƙarƙashinta, ta ce kwana 21 take yi kafin ta ƙyanƙyashe. Ta gaya musu in damina ta zo zabi suka fara saka, ƙwansu akan sa wa kaza ta kwanta a kai wajen kwana 28, domin zabuwa ba ta iya riƙon 'ya'ya ba. Ƙanwar maigida ta fito da littafinta tana rubutawa, ta ce an yi musu wannan a darasin aikin gona amma a allo kawai.

Sa'an nan Baffa ya ja mu cikin gona. Alkama ta kai cinyar babba, ta fara fid da kai. Ya ce a watan Nuwamba ake shuka ta don tana son sanyi, a girbe wajen watan Maris, in aka makara zafi ya riske ta sai ƙwayar ta ƙi cika. Na tambayi yara me ake yi da alkama, suka yi shiru. Da na ce alkaki da funkaso da taliya da gurasar da suka ci ɗazu, sai suka shiga shafa zangarniyar kamar sun ga ɗan'uwa. Muka ga mai ban ruwa ya tsoma wata lanƙwasasshiyar roba cikin magudana, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ja ya saki, sai ga ruwa yana hawowa da kansa yana zuba cikin fangali. Ɗana ya ce dabo ne. Ƙanwar maigida ta ce ba dabo ba ne, kimiyya ce, ta kuwa yi masa bayani daidai gwargwado.

A wurin tumatir Baffa ya ba su labarin shekarar 2016, da wata tsutsa da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har tumatir ya gagari talaka a kasuwa. Ni na tuna shekarar sarai, don da busasshen tumatir da na gwangwani aka yi ta miya, amma ban taɓa tunanin halin da wanda ya ci bashi ya shuka ya shiga ba. Ya gargaɗe mu kada yaro ya tsinki kome ya kai baki, domin ana yi wa tumatir feshin magani, sai an wanke shi sosai. Ya kuma ce a bi kan kunya, kada a taka shuka, kada a sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin tarin kara saboda maciji.

Daga ƙarshe ya buɗe ɗakin ajiya ya ɗebo shinkafa shanshara ta damina, mai ɓawonta, ya zuba wa kowa a tafin hannu. Hajiya ta nuna musu tukunyar da ake turara ta, da inda ake shanya ta kafin a kai inji. Na ce a raina, ina ma 'yan ajina hamsin suna nan.

INDA NA YI SAKACI

Yanzu kuma ga ɗacin, ba zan ɓoye muku ba, don shi ne ya fi muhimmanci.

Bayan mun yi sallar Azahar muka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro muka ci abinci. Ciki ya cika, iska na kaɗawa. Maigida da Baffa suka koma zaure suna hira. Ni da Hajiya muka shiga labarin dangi. Ina zaton Auta yana wurin ƙanwar babansa, ita kuma tana zaton yana wurina, don ta tafi da manyan biyu kallon tattabaru. Ban san minti nawa aka yi ba. Sai Hajiya ta ce, "Ina angona?" Na waiga, ba shi. Takalminsa ɗaya ne kawai a bakin tabarma.

'Yan'uwa, kada Allah ya nuna muku wannan lokaci. Na tashi ba mayafi, ina kiran sunansa, ƙafafuna suna rawa. Ban nufi ko'ina ba sai wajen ruwa, don zuciyata ta riga ta gaya mini. Kafin in kai sai ga mai ban ruwan nan ya taho da shi a kafaɗa, jiƙe sharkaf, yana tari yana kuka. Ashe 'ya'yan agwagwa ya bi, suka shiga ƙaramar magudanar da ke bayan shinge, shi ma ya bi su, santsi ya kwashe shi. Ruwan bai wuce gwiwar babba ba, amma mutumin ya ce da ya hango shi fuskarsa tana cikin ruwa, ya kasa tashi, ko ƙara bai yi ba. Allah ne ya sa ya zo sauya roba a daidai wurin. Da kuma babbar magudana ce, mai zurfi da gudu da gansakuka a bangonta, da yanzu wani labari ake yi.

Ku riƙe wannan: ƙaramin yaro ba ya ihu in yana nutsewa, ruwa kaɗan kuma ya ishe shi, ko na baho ne ko na bokiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa. Mukan ce ɗa na kowa ne, gaskiya ne, amma in aka bar wa kowa tsaronsa, to ba mai tsaronsa. Manya biyar ne a wurin, duk masu ƙaunarsa, ga abin da ya faru.

Muka tuɓe shi, muka goge shi tas da tawul, Hajiya ta ɗora ruwan rijiya muka yi masa wanka da sabulu, na sa masa kayan sakewa da rigar sanyi. Ƙanwar maigida tana ta kuka tana cewa, "Anti, ki yafe mini." Na ce mata ba ita ta haife shi ba, ni ce ban buɗe baki na ce wa kowa ga amana ba.

Akwai kuma abu na biyu game da ruwan magudana da na kududdufi, watau tsargiya. Da yawa muna ɗauka fitsarin jini ga yaro namiji alamar girma ce, ko kuwa zafin rana ne. Ba haka ba ne. Wata 'yar tsutsa ce da ido ba ya gani, tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa, in ta fito sai ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ta shiga jini. Mai cutar in ya yi fitsari a ruwa, ƙwanta ya koma ga dodon koɗi, haka abin ke ta zagayawa. In an bar ta takan jawo ƙarancin jini, ta lalata mafitsara, 'yan mata ma tana taɓa musu mahaifa. Tana da magani, ƙwaya ce mai suna praziquantel, wadda akan raba wa yara a makarantu. Ran Litinin na kai Auta asibiti aka duba ƙirjinsa, lafiya lau. Ma'aikaciyar ta ce in komo da shi bayan wata biyu zuwa uku a gwada fitsarinsa, don cutar ba ta nunawa da wuri. Na rubuta ranar a kalanda.

SHAWARATA GARE KU

Kada wata ta karanta wannan ta ce to ai gara a zauna gida. Yaro yana faɗawa rijiyar tsakar gida ma. Maganin haɗari kula ne. Ga abin da na koya:

Na ɗaya, kowane ƙaramin yaro a ba shi mai tsaro guda, a faɗa da baki kowa ya ji. In mai tsaron za ta tashi, ko salla ce, sai ta danƙa shi hannu da hannu ga wata.

Na biyu, da isarku, kafin a shimfiɗa tabarma, uwa ta zagaya da ƙafarta ta ga inda ruwa yake, da rijiya, da turken shanu, da inda ake ajiye maganin feshi. A zauna nesa da su. Kwalbar maganin feshi ko ta ƙare kada yaro ya taɓa ta, kada kuma a zuba ruwa ko mai a cikinta.

Na uku, lokacin da aka ci aka ƙoshi aka shiga hira, shi ne lokacin haɗari. A sa ido a nan fiye da ko yaushe.

Na huɗu, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dabba, kafin a ci abinci. Ruwan sha kuwa a tafi da shi daga gida.

Na biyar, in tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a tsaya neman mai magani. A hana shi yawan motsi, a garzaya asibiti.

Na shida, a fita da sassafe, a kamo hanya bayan La'asar. Ƙaramin yaro in ya gaji ba ya ganin kome sai rigima, tuƙin dare kuma ba shi da kyau.

Wadda ba ta da dangi mai gidan gona, kada ta ce abin na masu hali ne. Ba garin da ba shi da lambu ko fadama a bayansa. Maigida ya je ya nemi izinin mai wurin tukuna, ku sayi kayan miya a hannunsa, ku yi masa ihsani. Maƙwabta biyu ko uku suna iya haɗa kuɗin mota. Mu abin da muka kashe, in an cire tsaraba, bai kai kuɗin ankon biki ɗaya ba, ankon da akan sa sau ɗaya a jefa akwati. Ina kuma roƙon mazajenmu, don na san suna leƙa wannan fili ko da ba su faɗa ba: ku tafi da iyayen yaran. Uwa ce ke tare da yaro dare da rana, ita zai yi ta tambaya har mako guda. In ba ta gani ba, me za ta gaya masa?

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ku ake ba riƙon ƙanne a irin wannan fita. In an ba ki, ki riƙe da gaske, in kin gaji ki faɗa, ba abin kunya ba ne. Ki tafi da littafi da fensir, ki tambayi manoma da matansu cikin ladabi. Akwai ilimin da ke bakinsu wanda ba ya cikin littafin aji.

DA MUKA KOMO

A hanyar komowa mota ta yi tsit, yara sun yi barci a kan buhun albasa da kwandon tumatir da Baffa ya cika mana. Maigida bai ce uffan ba har muka wuce Kura. Ni kuwa na riga na sallama, na ce shi ke nan, an yi na farko an yi na ƙarshe. Sai da muka hau gadar Tamburawa ya ce, "Baffa ya ce a komo da su ranar yankan alkama." Na ce, "Bayan abin da ya faru, Malam?" Ya ce, "Ni ma ai ina zaune a zaure, ban tambayi inda yake ba. In mun koma, Auta yana hannuna."

Ran Litinin na shiga aji da zangarniyar alkama guda, da tafin shanshara a ƙunshe cikin takarda, aka yi ta miƙa wa juna daga benci zuwa benci. Yanzu kowane ɗan aji uku yana da gwangwanin madara a bakin taga, ya huda gindinsa ya shuka wake. A gida kuma shekaranjiya na ji 'yar farina tana yi wa ƙanenta faɗa don ya bar shinkafa a kwano, tana cewa ko ya manta yadda Baffa ya ce sai an duƙa wata huɗu. Shi mai ban ruwan nan kuwa, maigida ya koma takanas ya yi masa godiya, ni kuma kullum yana cikin addu'ata.

Duk wadda ta taɓa fita da yaranta irin wannan wuri, ta rubuto mana yadda ta yi, mu ma mu ƙaru. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare mana su a gida da daji, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.